Mai shela a cikin kwamfuta: shekara biyu ina aika wa masu sayen hatsinmu saƙo daga Asawase

Littafin Baba mai baƙin bango shi ne tushen maganar. Tun kafin in fara zama a shago yake rubuta lambobin masu sayen kayanmu a ciki, wata da biro wata da fensir, kuma ba da sunan yanka yake rubuta mutane ba. Sai ka ga "Hajiya mai koko bayan masallaci", "mai waakye Alabar", "Bazabarme dogo", "matar direba Sawaba". Shi dai ya san kowa. Ranar da mota ta sauke kaya, sai in ɗauki littafin in zauna a kan buhu in yi ta kira har kunnena ya yi zafi. In na yi ƙoƙari in samu mutum arba'in kafin magariba, don ba a kiran babbar mace a ce mata kaya sun zo a kashe waya. Sai an tambayi gida, an tambayi yara, an tambayi ƙafar nan da ke ciwo. Sauran ɗaruruwan kuwa sai dai su ji a bakin wani.

Hatsi muke sayarwa a gefen kasuwar Asawase, nan Kumasi. Gero da dawa da wake daga arewa, masara daga Ejura da Techiman, sai shinkafa. Yawancin masu sayenmu mata ne masu sana'ar abinci: masu koko da ƙosai, masu waakye (wake da shinkafa), masu fura, masu tuwo, sai masu dafa wa makarantu da 'yan ƙananan shaguna da ke awo da olonka, gwangwanin awo na nan. A ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin ɗari, kuɗin buhu ba ya cika mako a wuri ɗaya. Mace za ta biya pragya, keken nan mai ƙafa uku, tun daga Moshie Zongo da kuɗin makon jiya a ƙulle a bakin zane, ta zo ta tarar sun kasa, ta koma hannu wofi tana ganin kamar mu ne muka cuce ta. Tun daga nan na fara neman hanyar da zan sanar da kowa a lokaci guda.

WhatsApp na fara gwadawa, bai yi ba. Jerin watsa saƙonsa mutum 256 kawai yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba ba zai ga komai ba. Ga shi kusan rabin matan nan ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙewa, wadda a nan ake kira "yam". Masu babbar wayar ma data a kashe take, sai dare ake kunnawa a ga hotunan biki.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar KNUST shi ya kawo shawarar, wajen watan Oktoba na 2023. Ya ce, "Kawu, bankuna da makarantu ai ba da hannu suke rubuta saƙon da suke turo maka ba. Kai ma kana iyawa da laftof ɗin nan da kake lissafi." Kamfanonin da ke wannan aiki na aika saƙon tes ga mutane da yawa a lokaci guda a Ghana suna da yawa. Tsohon da na sani a cikinsu shi ne SMSGH da aka kafa a 2005, wanda daga baya ya koma Hubtel, akwai kuma mNotify da Arkesel. Wanda na zauna da shi ba ya cikin waɗannan, ƙarami ne, kuma ba zan kama sunansa ba tunda zan faɗi alherinsa in faɗi aibinsa.

Buɗe asusu bai ci minti goma ba. Ka shiga shafinsu, ka sa lambarka, ka sayi yunit da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, nan take su shigo. Yunit ɗaya saƙo ɗaya ga mutum ɗaya, kuma kuɗin ɗaya ne ko MTN mutum yake, ko Telecel da a lokacin ake kira Vodafone, ko AT. Ni wajen pesewa huɗu na riƙa biya (pesewa ita ce kwabon sidi), wanda ya sayi da yawa ana rage masa. Ba sai ka sauke wata manhaja ba, a burauza ake komai.

Inda muka fara tsayawa shi ne sunan da zai fito a wayar mutane a madadin lamba. Haruffa 11 kacal aka yarda, har da tazara. Sunan shagonmu a takardar rajista ya ƙare da "Enterprise", wanda shi kaɗai haruffa 10 ne. Na ce a yanke, a sa sunan kasuwar da kalmar hatsi. Baba ya ce shi shekara arba'in da sunansa aka san shi, ba da sunan kasuwa ba. Muka sa sunansa tsura, kuma daga baya na gane shi ke da gaskiya. Kamfanin ya nemi hoton takardar rajistar shago da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, aka yi kwana uku kafin a amince. Na yi mita a lokacin, amma da na tuna cewa in babu wannan tantancewa kowane ɗan sakawa, wato ɗan damfara, zai iya aika saƙo da sunan Baba, sai na yi shiru.

Kwashe littafin zuwa Excel ya ci mana dare huɗu, ni da ƙanwata, ita tana karantowa ina bugawa. A nan akwai tarko biyu da ba wanda ya gaya mana. Lambar Ghana da sifili take farawa, shi kuma Excel yana ganin sifilin gaba ba shi da amfani, sai ya haɗiye shi. Da muka koma rubutawa da 233, lambar ƙasar Ghana, a gaba, lambar ta zama mai alƙaluma 12, sai ya dunƙule ta ya nuna 2.33E+11, muka adana fayil ɗin a haka, da muka sake buɗewa duk ƙarshen lambobin ya koma sifili. Aikin dare biyu ya tafi. Maganin ashe ƙarami ne: tun kafin ka buga lamba ta farko, ka mayar da layin ya zama na rubutu, ba na lissafi ba. Bayan mun cire waɗanda Baba ya rubuta sau biyu da suna daban-daban, mutum 612 suka rage.

Na sayi yunit 2,000, a lissafina zai kai ni aike uku har da canji. Na zauna na tsara saƙo da Hausa mai kyau, don ni mutum ne mai son a rubuta Hausa yadda take, har allon rubutun Hausa na sa a kwamfutar. Na yi sallama, na ce sabon gero da farin wake sun sauka, na sa farashi, na rufe da "farashi mai sauƙi". Haruffa wajen 150, ban kai 160 da aka ce shi ne iyaka ba. Na ce bismillah na danna.

Da na duba asusu, yunit 164 suka rage.

Na kira kamfanin da zafi, na ce sun ci kuɗina sau uku. Yarinyar da ta ɗauka ta ce in karanto mata saƙon, na karanta, ta ce ba ta ji matsala ba, in turo hotonsa. Can ta dawo ta ce akwai wani baƙon harafi a kalmar ƙarshe. Ƙ ɗin "sauƙi" take nufi. Ban fahimta ba sai da ɗan yayata ya zo ƙarshen mako ya zaunar da ni. Ya ce saƙon tes mazubi ne mai girma ɗaya, kamar olonka. Akwai jerin haruffan da aka tsara tun farkon wayar salula a Turai, su sirara ne, guda 160 ke cika mazubin. Amma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin jerin. Da zarar ɗaya ya shiga, ko da guda ne tak, sai a sauya wa saƙon gaba ɗaya ma'auni, kowane harafi ya yi ƙiba, 70 kawai mazubin zai ɗauka. Kuma in saƙo ya wuce mazubi ɗaya, ana cire ɗan wuri a kowane yanki don a ɗinke su a wayar mai karɓa, sai 160 ta koma 153, 70 ta koma 67. Nawa mai haruffa 150 ya tsage gida uku, sau mutum 612, yunit 1,836 ke nan. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba. Alamar sidi, wato ₵, ita ma ba ta cikin jerin, shi ya sa yanzu GHS nake rubutawa. Haruffan Twi guda biyun nan, ɛ da ɔ, haka suke, kuma dama Asantawa sun saba sa 3 a madadin ɛ in suna rubutu a waya. 'Yan hotunan nan na murmushi da addu'a duk haka. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ɗan waƙafin sama na "Juma'a" da "'yan": in a Word ka rubuta saƙon ka kwafo, yana lanƙwasa shi, ido ba ya ganin bambanci amma asusu yana gani. Yanzu kai tsaye nake bugawa a akwatin shafin, idona a kan ƙidayar.

A nan ina da ƙorafi na gaske a kan kamfanin. Ƙidayar tana nan, ba su ɓoye ba, amma da ƙananan alƙaluma masu launin toka a ƙasan akwati. Kamfanin da ke aiki a ƙasar da manyan harsunanta, Twi da Ewe da Ga da Dagbani da Hausa, duk suke da haruffan da ba na Turanci ba, ya kamata ya fito da jan gargaɗi ya ce saƙonka ya koma kashi uku, ka yarda? Ban ga wannan ba har yau. Yunit ɗina kuma ba su dawo ba, suka ce kamfanonin waya sun riga sun caje su. Wannan kam na yarda, laifin rabi nawa ne.

Haka na haƙura na ajiye lanƙwasa. Abin ya yi min ciwo kaɗan, amma in za a faɗi gaskiya mu 'yan Zangon Kumasi ko a baki ba mu cika bambanta ƙ da k ba, "kudi" muke cewa, "daya" muke cewa, in Bakano ya ji ya yi dariya. Ba wanda ya taɓa kuskuren fahimta. Sau ɗaya ne ƙanwata ta hana ni rubuta "mun karya farashi", ta ce tunda yanzu k ɗinmu ɗaya ce, wata za ta karanta ta ce ga shi da bakinsu sun ce ƙarya ne.

Ɗan yayar tawa ya ƙara min da wani labari da ya zauna min a rai. Ya ce saƙon tes na farko a duniya, wanda aka aika a Ingila ranar 3 ga Disamba 1992, daga kwamfuta ya fita zuwa waya, don wayoyin lokacin ba a iya rubutu da su. Da na gaya wa Baba sai ya ce to ashe ba sabon abu na kawo ba. Shi a zamanin da yake fataucin goro, wasiƙar ajami yake ba direban babbar mota ya kai Legas, amsa ta dawo bayan mako biyu, kuma ba a taɓa cajinsa don harafi ya lanƙwashe ba.

Saƙon farkon nan mai tsada ya koya min wasu abubuwa biyu. Ba a yi awa ɗaya ba wata mai fura ta kira Baba a gigice: "Alhaji, 'yan sakawa sun saci sunanka!" Ba laifinta. Kowa a garin nan ya san salon: saƙo ya shigo kamar an turo maka MoMo, sai wani ya kira yana roƙo wai kuskure ya yi, ka mayar masa. Mutanen da aka koya wa tsoron duk saƙon da ba su san tushensa ba, ba za su yi murna don sun ga suna a madadin lamba ba. Sai da muka yi mako biyu muna gaya wa duk wanda ya zo shago da baki, muka manna takarda a ƙofar sito. Na kuma kafa wa kaina doka: ba na sa adireshin intanet a saƙo, ba na cewa a tura kuɗi wata lamba, kuma da sallama iri ɗaya nake buɗewa kullum. Duk saƙon da ya zo da sunan Baba yana neman kuɗi ko lambar sirri, ba namu ba ne, kowa ya san haka yanzu.

Na biyun, ba a iya mayar da amsa. Tunda suna ne ba lamba ba, wanda ya danna amsa ya rubuta, saƙonsa ba shi da inda zai sauka. Wata mai waakye ta rubuta "a ajiye min buhu biyu", ta zo bayan kwana biyu ta tarar wake ya ƙare, ta nuna min wayarta tana faɗa. Tun daga ranar lambar shago ce ƙarshen kowane saƙo.

Rahoton da shafin ke bayarwa bayan aike yana da amfani, in ka san iyakarsa. Yana nuna wanda saƙo ya isa wayarsa, wanda ake jira don wayarsa a kashe take, da wanda bai isa ba sam. A aiken farko kusan 90 ba su isa ba. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, yawanci layukan da aka rufe ne a tsakiyar 2023, lokacin da wa'adin haɗa layi da Ghana Card ya cika, mutanen sun yi sabbin lambobi littafin Baba bai sani ba. Kuma ko bai isa ba an cire yunit. Don haka duk wata uku nake tace jerin, yanzu muna wajen 520. Sai dai "ya isa" ba ya nufin an karanta. Akwai wayar da saƙo ɗari ke kwance a ciki ba a buɗe ba, tallan caca da na waƙar kira sun binne namu.

To amma yana aiki? Yana yi, kuma a wurin da na saye shi dominsa ya wuce zatona. Motar gero ta iso da dare daga arewa, da safe in rubuta layi uku, kafin in gama shan koko wayar shago ta fara ƙara. Abin da ke ɗaukar mako kafin labari ya zagaya yanzu yini ɗaya ne. Kayan ba sa daɗewa a sito, ƙwari ba sa samun lokacin shiga wake, kuɗi na juyawa da wuri. A watan Agusta na 2024, da fari ya taɓa arewa har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya waje, farashi ya riƙa tsalle, saƙon ne ya hana mata yin asarar kuɗin mota. Duk aike ɗaya bai wuce sidi ashirin da 'yan kai ba, kuɗin da a da nake ƙonawa a kiredit kafin in kira kashi ɗaya cikin goma na mutanen.

Da sannu na koyi rarraba su. Shafin yana ba ka damar yin rukuni, sai na ware masu gero daban, masu wake da shinkafa daban, masu masara daban. Mai koko ba ruwanta da farashin shinkafa, in ka dame ta da shi sau uku, na huɗun da ya shafe ta ba za ta buɗe ba. Lokaci ma haka. Ana iya tsara saƙo da dare a ce ya fita gobe ƙarfe kaza, wannan na ji daɗinsa ƙwarai. Mai koko tun kafin asuba take kan wuta, ba ta da hannun taɓa waya sai hantsi, bayan azahar kuma barci take ramawa. Wajen sha ɗaya na safe ya fi dacewa da ita. Waɗanda ba sa karatun boko kuma jikoki ke karanta musu, don haka nasu sai yara sun taso daga makaranta. Na kuma daina aika wa kowa a minti ɗaya, don wayar shago ɗaya ce, kunnena biyu.

Wannan maganar ta jikoki ita ce ban yi wa kyakkyawan tunani ba, har ta kai ni ga babban kuskurena.

Shafin yana da wata dabara: ka sa suna a layi ɗaya na Excel, adadi a wani, ka rubuta saƙo ɗaya, shi kuma ya cusa wa kowa sunansa da adadinsa. Da na gano haka sai na tuna littafin bashi. Mutum 87 ke da ragowar kuɗinmu. Ban shawarci Baba ba. Na rubuta cikin ladabi, a ganina, cewa muna tuna miki ragowar kuɗi kaza, Allah ya ba da ikon biya. Na manta cewa sunayen da ke jerin irin na Baba ne. Wani bawan Allah ya samu saƙo yana cewa "Salamu alaikum Bazabarme dogo, muna tuna miki". Shi dariya ya yi, har yau in ya shigo sai ya ce ga Hajiya doguwa ta zo. Kuma ba zan ɓoye ba, cikin kwana uku kuɗi sun shigo ta MoMo fiye da yadda suke shigowa a wata guda.

Hajiya mai koko bayan masallaci ba ta yi dariya ba. Ta fi shekara talatin tana sayen gero a hannun Baba, tun ina rarrafe. Tsarinsu shi ne ta ɗauki buhu, in ya ƙare ta kawo kuɗinsa ta ɗauki wani. A littafi kullum akwai bashi a kanta, amma a tsakaninsu ba bashi ba ne, haka cinikin yake tafiya. Kwamfuta ba ta san wannan ba, ni da na sani kuma ban tsaya na tace ba. Saƙon ya shigo tana tsakar gida, ta miƙa wa matar ɗanta ta karanta mata, ita kuma ta karanta da ƙarfi, a gaban masu taya ta suyar ƙosai da maƙwabciyar da ta shigo aron rariya. Da yamma jikanta ya zo da kuɗin cif a ƙulle a leda, ya ce Hajiya ta ce a gaishe da Alhaji, a kuma soke sunanta.

Baba bai ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ya ce in rufe shago bayan la'asar. Ya sayi goro, muka taka har gidanta, na durƙusa a bakin ƙofa.

"Mma, ni ne na yi, ba Baba ba. Bai ma sani ba."

Ta ɗauki lokaci ba ta kalle ni ba. Can ta ce, "Ɗan Alhaji, ni ka aiko wa inji? Ƙafarka ce ta karye ko bakinka? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba a farke ciki a tsakar gida."

Baba ya ce, "Hajiya, yaro ne. Ki yi haƙuri don Allah, don zumuncinmu." Ta karɓi goron. A hanyar dawowa abu ɗaya ya ce min, zuwa da kai ya fi aike, bai ƙara ba har muka isa gida.

Tun daga ranar maganar bashi ba ta bi ta kwamfuta. Abin da zan iya tsayawa a tsakiyar kasuwa in faɗa da ƙarfi, shi nake aikawa: kaya sun zo, farashi ya sauka ko ya hau, shago a rufe ranar Sallah. Wayar gidan Zango ba ta mutum ɗaya ba ce, saƙon da ka aika wa mace ɗaya mutum biyar za su ji shi. Masu dafa wa makarantu ne kaɗai nake tura wa lissafinsu, su da kansu suka nema don su nuna a ofis.

Sauran aibin kamfanin ƙanana ne amma suna da cizo. Daren jajiberin ƙaramar Sallah na tsara gaisuwa ta fita ƙarfe takwas, ba ta isa wasu ba sai wajen biyun dare, don a daren kowane banki da kowane ɗan siyasa na aikawa. Na tashi tsofaffi daga barci da barka da Sallah. Yunit kuma suna da wa'adi, an rubuta a cikin sharuɗɗan da ba wanda ke karantawa, na taɓa asarar 'yan ɗaruruwa a haka, don haka kar rangwame ya ja ka ka sayi abin da ba za ka cinye ba. Masu amsa ƙorafinsu a ranakun aiki suna da sauri da ladabi, ranar Lahadi kuwa sai ka jira Litinin. Sai ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, lokacin da gero ya fi kowane lokaci tafiya, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, Ghana da maƙwabtanta suka shiga duhu. Wannan ba laifin kamfanin ba ne, amma ya tuna min cewa mai karɓa ne ba ya bukatar intanet, mai aikawa sai da ita. Ranar littafin Baba na ɗauko na koma kan buhu.

Wani saurayi ya taɓa zuwa shago ya ce yana da lambobi dubbai na mutanen Asawase da Aboabo, zai sayar min da araha. Na ce a'a. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 tana nan, kuma hukumar sadarwa ta NCA tana da ƙa'idoji a kan tallan da ba a nema ba. Ko babu doka ma, sunan mahaifina ne zai fito a wayar mutumin da bai san mu ba. Yanzu duk sabon mai saye sai na tambaye shi ko yana so in sa shi a jeri, wanda ya ce a cire shi kuma a gabansa nake cirewa. Ba na wuce aike biyu a mako, wani makon ko ɗaya babu.

Wanda masu sayensa ba su wuce hamsin ba, kuma duk suna WhatsApp, kar ya wahalar da kansa. Amma mai sito, mai sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, mai makarantar Islamiyya da ke son sanar da iyaye ranar komawa, mai tara adashi, duk wanda mutanensa suka kai ɗaruruwa kuma da yawansu ƙaramar waya gare su, zai ga amfanin kuɗinsa tun a watan farko. Ya dai fara aika wa kansa ya gani kafin ya aika wa jama'a, ya kuma duba ƙidayar nan mai launin toka.

Hajiya ta dawo bayan mako uku. Na tambaye ta ko in cire lambarta gaba ɗaya, ta ce wa ya ce maka, ta yaya za ta san gero ya zo? A jerin yanzu "Mma Hajiya" aka rubuta. Ranar Talatar da ta wuce saƙon sabon gero ya fita ƙarfe sha ɗaya, sha ɗaya da kwata wayar shago ta yi ƙara.

"Ɗan Alhaji, ka ce wa injin naka ya ajiye min buhu biyu. Kuɗin kuma sai na ga dama."